Baƙo da Ɗan Gari a Fagen Kiɗa: Sharhi a kan Jaz da Kiɗan Gauraya bisa Ma'aunin Ƙasar Adar da Ƙwanni

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka ta Hausa, kamar yadda muka gada shi kuma muke koyar da shi, nazari ne na kalmomi. Ɗalibi ya ɗauki kaset, ya rubuta matani, ya fitar da turke da salo da zubi, ya kawo tarihin mawaƙi, aiki ya ƙare. Shi kuwa kiɗan da ya ɗauko waƙar, akan sallame shi da layi biyu: an yi ta da kalangu, ko an yi ta da kotso. Wannan hanya ta yi mana amfani mai yawa, amma tana da iyaka. Duk lokacin da aka kawo mana aikin da babu kalmomi a cikinsa, ko wanda kalmominsa ba na Hausa ba ne alhali kiɗansa ya sha daga rijiyar Hausa, sai mu rasa abin faɗa, mu bar wa manazartan Turai da Amurka su yanke hukunci.

Manufar wannan maƙala ita ce mu gwada yanke hukuncin da kanmu. Mun zaɓi wasu ayyuka na jaz da kiɗan gauraya waɗanda muke ganin sun cancanci a saurare su a sashenmu, mafi yawansu na makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, za mu auna su da ma'aunin da muka ɗauko daga al'adar kiɗa ta yankunan Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela a jahar Tawa. Tambayar da muka sa a gaba guda ce: yaushe haɗa kiɗan gida da na waje yake zama sabon abu mai rai, yaushe kuma yake zama gamin gambiza?

2.0 Ma'anar Kalmomi

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin New Orleans. Mafi yawan zubinsa shi ne a fara da wani rauji sananne, sannan kowane makaɗi ya sami fili ya yi ƙire nan take bisa zagayen sautukan da raujin ya shimfiɗa, a ƙarshe a koma ga raujin farko a rufe. Wanda ya saba da waƙar baka zai ga kamar ya san wannan tsari, domin ya yi kama da gindin waƙa da ɗiyanta. Sai dai akwai bambanci. A wajenmu ana komawa ga gindi bayan kowane ɗa, kuma ƙiren jagora yana ɗaure da harshe, wato da karin sauti da tsawon gaɓa, yana kuma ɗaure da mutumin da ake yi wa waƙar. A jaz abin da ya ɗaure mai ƙire shi ne zagayen sautuka da adadin bugu.

Abin da masu sharhin Turai da Amurka suke kira fusion, mu za mu kira shi kiɗan gauraya. A ma'anarsa ta farko yana nufin haɗa jaz da kayan kiɗa masu aiki da lantarki da kuma bugun rok, kamar yadda Miles Davis ya yi a faifansa In a Silent Way (1969) da Bitches Brew (1970). Daga baya ma'anar ta faɗaɗa ta ƙunshi haɗa jaz da kaɗe-kaɗen Afirka da Asiya. A nan za mu ƙara faɗaɗa ta, ta shafi duk wani aiki da ya haɗa tsarin kiɗa biyu masu asali dabam da gangan, ko da daga wane ɓangare aka fara haɗin.

3.0 Ma'aunin da Muka Ɗauko daga Gida

Yankin da muke magana a kansa mahaɗa ce tun fil azal. Illela ita ce mazaunin Sarkin Adar. Birnin Ƙwanni tana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, daga nan ne kuma hanya take gangarawa kudu ta tsallaka iyaka zuwa Sakkwato, a Tsarnawa kuma wata ta ɓalle arewa zuwa Tawa da Agadas. Malbaza ta tara ma'aikata daga sassa dabam-dabam tun da aka kafa masana'antar siminti a shekarun 1960. Kunnen mutumin wannan yanki ya saba da kiɗan fada, da kiɗan noma da na kokowa, da gogen bori, da tenden Buzaye, da sarewar Fulani, da kuma abin da rediyo da kaset suka riƙa shigowa da shi daga Nijeriya. Daga wannan al'ada muka fitar da abubuwa uku da za mu yi awo da su.

Na farko shi ne take. A ƙasar Hausa kiɗa yakan kira suna. Ɗan kokowa yana da takensa, manomi yana da nasa, basarake yana da nasa, kowane iska a bori yana da nasa. Nicole Échard, wadda ta yi dogon bincike a ƙasar Adar, ta tattara iskokin borin Adar da Kurfai a littafinta na 1989, inda ake ganin yawan su da tsarin danginsu. Veit Erlmann (1982), a bincikensa na Maraɗi, da Gilbert Rouget (1980) a kan kiɗa da hawan iska gaba ɗaya, sun kai ga matsaya mai kama da juna: kiɗa yana aiki ne a matsayin alama da jama'a suka yarda da ma'anarta, ƙarfin bugu kaɗai bai isa ya kawo hawa ba. Ke nan rauji a wajenmu yana da mai shi, yana da aikin da yake yi.

Na biyu shi ne amshi. Jagora ba ya tsayawa shi kaɗai. Ƴan amshi suna karɓa, suna ƙari, wani lokaci su ne suke kammala masa zance, ganga ma tana amsa masa. Kyawun ƙungiya yana ga yadda ake sauraren juna.

Na uku shi ne ambato. Makaɗin Hausa yakan faɗi wanda ya koya masa, ya kira sunan ƴan amshinsa da marokinsa a cikin waƙa, ya ambaci wanda ya yi masa kyauta. Wannan hanya ce ta biyan bashi a bainar jama'a.

Saboda haka duk aikin da za mu duba za mu tambaye shi abu uku: ya san aikin raujin da ya ara? Ya saurari abokan kiɗansa ko kuwa ya mai da su shimfiɗa? Ya ambaci waɗanda ya ɗauka daga gare su?

4.0 Yusef Lateef a Zariya

Cikin manyan makaɗan jaz babu wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya yi karatun kiɗanta kamar Yusef Lateef. An haife shi a 1920 a jahar Tennessee, ya tashi a Detroit, ya karɓi Musulunci tun yana saurayi, ya yi aiki da Dizzy Gillespie a 1949, da ƙungiyar Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964. Babban abin busarsa shi ne saksofon, amma ya shahara da sarewa da kuma obuwa, wadda za mu iya kira algaitar Turawa tun da ita ma da tagwayen beli ake busa ta. Faifansa Eastern Sounds (1961) ya nuna tun da wuri cewa kunnensa ya karkata ga sautukan gabas. A 1962 yana cikin waɗanda suka yi busa a faifan Art Blakey mai suna The African Beat. Ya yi digirin digirgir a fannin ilimi a 1975, inda ya kwatanta tarbiyyar Turai da ta Musulunci. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin babban mai bincike, ya mai da hankali ga sarewar Fulani. Ya rasu a watan Disamba na 2013.

Zaman Zariya ya haifar da abubuwa uku da suka shafe mu: faifan Hikima (1983), wanda cibiyar da kanta ta fitar, faifan In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983 ya fito a Amurka a 1985, da littafin Hausa Performing Arts and Music (1987) wanda ya rubuta tare da Ziky Kofoworola.

Abin da ya fi jan hankalinmu a In Nigeria shi ne abin da Lateef ya ajiye. Ya ajiye fiyano, wato ya rabu da zagayen sautukan da mai ƙiren jaz yake dogara da shi kamar yadda makaho yake dogara da sanda. Abin da ya rage shi ne busarsa da murya da makaɗan ganguna. A irin wannan hali mai busa ba shi da mafita sai ya bi zagayen ganga, ya jira inda ta buɗe masa ƙofa ya shiga, ya fita kafin ta rufe. Mai sauraro zai lura jimlolin busarsa sun gajarta idan aka kwatanta da na faifansa na Amurka, yana maimaita ƙaramin rauji yana juya shi, yana barin fili. Wannan shi ne halin mai algaita a gaban ganguna, kuma a ma'auninmu na biyu, wato amshi, aikin ya ci jarrabawa. Manyan makaɗa da yawa sun zo Afirka sun ɗora busarsu a kan ganguna kamar mahayi a kan doki. Lateef ya sauko ya yi tafiya a ƙasa tare da masu gangar.

A ma'auni na farko kuwa hukuncinmu ya rabu biyu. Faifan bai yi da'awar zama kiɗan Hausa ba, kuma ba shi ba ne. Sunayen kaɗe-kaɗen da ke cikinsa sun haɗa da na Yarbanci, da na Hausa kamar wanda aka raɗa wa ruwa mai zurfi, da wanda ya ɗauki sunan dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar. Kiɗan ɗakin gwaji ne na jami'a, inda aka tara makaɗa daga ƙabilu dabam-dabam domin a gina abin da za a kira na ƙasa. Saboda haka gangunan suna bugu mai kyau amma ba su kiran sunan kowa. Mutumin Illela da ya saba jin ganga tana faɗin wane ɗan wane zai ji daɗin amon, ya kuma tambaya: wa ake yi wa? Ba mu ɗauki wannan a matsayin laifin Lateef ba. Iyaka ce ta wurin da aka yi aikin, kuma ya fi kyau a bar take a gidansa da a ɗauko shi a yi wasa da shi ba tare da sanin mai shi ba.

A ma'auni na uku ya yi abin da kaɗan suka yi. Ya fitar da faifai a ƙarƙashin sunan cibiyar da ta karɓe shi, da suna na Hausa, ya kuma bar littafi da aka buga a Legas tare da abokin aiki ɗan ƙasa. Ya kamata a karanta wannan littafi kusa da ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa na Ames da King (1971), domin ɗaya idon masanin al'ada ne, ɗaya kuma kunnen mai busa ne.

Akwai wani abu a rayuwarsa da ya dace da tarihin yankinmu. Lateef ya ƙi kalmar jaz har ƙarshen rayuwarsa, saboda a ganinsa tana ɗauke da ma'anar wulaƙanci da ta mashaya, ya ƙirƙiro wa kiɗansa wani suna mai nufin abin da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yin sa. Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta kusa da Galmi, a 1754. Erlmann (1986) ya tattara abin da malaman jihadi suka rubuta a kan kiɗa, inda ake ganin cewa sun fi duba wurin da ake yin sa da abin da yake jawowa. Musulmin Detroit da malaman Gobir sun taru a kan tambaya ɗaya, ko da yake amsarsu ta bambanta.

5.0 Randy Weston da Hanyar Hamada

Randy Weston (1926-2018), makaɗin fiyano ɗan Brooklyn, ya iso ga kiɗanmu ta bayan gida. Ya ziyarci Legas a 1961 da 1963, ya fitar da Highlife a 1963, sannan bayan rangadin Afirka na 1967 ya zauna a Maroko shekaru da dama, ya buɗe gidan kiɗa a Tanja, ya ƙulla zumunci da Gnawa. Su Gnawa zuriyar bayi ne da aka kai arewacin Afirka daga ƙasashen Sudan, kuma bikinsu na dare, inda kowane iska yake da raujinsa da launinsa da turarensa, ɗan'uwan bori ne a tsari. Tun a 1914 Tremearne ya rubuta littafi a kan borin Hausawan Tunis da Tarabulus, Richard Jankowsky (2010) kuma ya nuna cewa har yanzu akwai ragowar kalmomin Hausa da Barbarci a waƙoƙin stambeli na Tunisiya.

Faifan da Weston ya ɗauka da manyan malaman Gnawa a 1992 misali ne na kamun kai. A mafi yawan faifan ba a jin fiyano ko kaɗan, malaman ne suke kiɗansu, shi kuma ya shigo a ƙarshe. A sauran ayyukansa, kamar Blue Moses, hannunsa na hagu yana kwaikwayon nauyin gimbiri, molon Gnawa mai tsirkiya uku, yana zagaya rauji ɗaya har ya zauna a jikin mai sauraro. Weston ya san cewa raujin yana da mai shi, ya kuma sha faɗin girman da yake ba shi. A ma'auninmu na farko shi ya fi kowa cin nasara. Abin da za mu ƙara shi ne gargaɗi ga ɗalibai: kamannin da ke tsakanin Gnawa da borin Adar hujja ce ta buɗe bincike, amma ba ta isa a ce wannan rauji daga wancan ya fito ba sai an kwatanta su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan gargaɗi ya shafi wata da'awa mai daɗin ji. Paul Oliver (1970) da Gerhard Kubik (1999) sun kawo hujjoji cewa tushen bulus, wanda shi ne ƙashin bayan jaz, ya fi kusa da kiɗan ƙasashen Sudan, na masu goge da molo da jan murya, fiye da gangunan bakin teku. Muna ganin hujjar tana da ƙarfi ta fuskar salo. Sai dai bai kamata ta zama abin alfahari da zai hana mu aiki ba, a riƙa cewa jaz namu ne ya dawo gida. Abin da ya yi shekaru ɗaruruwa a wata ƙasa, ya sha wahalarta, ya koyi harshenta, ya zama ɗan can. Idan ya zo, baƙo ne mai dangantaka, kuma haƙƙin baƙo ake ba shi.

6.0 Gauraya daga Ɓangarenmu

Kuskure ne a ɗauka cewa kullum daga waje ake zuwa a gauraya. Bala Miller, mai busa ƙaho ɗan Zariya wanda ya rasu a 2003, ya daɗe yana ɗora Hausa a kan kiɗan hailaif da manyan ƙahonni. A Nijar, gasar Ɗan Gurmu da aka kafa a Tawa a shekarun 1980, da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, sun ƙarfafa wa matasa gwiwar ɗaukar kiɗan gargajiya su sa shi a jita da fiyano. Za mu tsaya a kan misalai uku.

Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a 1978 da fiyanon lantarki guda ɗaya. Shekaru da yawa ƴan Nijar suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba, sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Ƙarfin aikin yana ga sauƙinsa: rauji mai sautuka biyar, irin na makiyaya, yana tafiya a hankali bisa bugun na'ura. Rauninsa kuma a nan yake, domin na'ura ba ta amshi. Ba ta jinkirta wa jagora, ba ta zuga shi. Kiɗan kaɗaici ne, mai kyau ƙwarai, amma ya fita daga tsarin fage.

Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya rasu a 2008, ya bi wata hanya. Ya ɗauko bugun bori da zafinsa ya kai su dandalin rawa, kuma faifan Niamey Twice da suka raba da Musa Fusi a tsakiyar shekarun 1990 ya kai muryarsa Turai. A nan tambayar take ta taso da ƙarfi, tun da shi ɗan gida ne, ya san abin da raujin yake kira. A ganinmu muryarsa ta riƙe nauyin abin, amma gyaran sutudiyo, wanda aka yi bisa salon da kasuwar kiɗan Afirka ta Turai take so a lokacin, ya lulluɓe ƙwarya da goge da santsin fiyano har kaifinsu ya ragu. Wanda ya san amon ƙwarya a fagen bori zai ji abin da aka rasa.

Misali na uku ya fi kusa da mu. Mdou Moctar Buzu ne ɗan arewacin jahar Tawa. A 2008 ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato, birnin da hanyar motarsa daga Tawa ta Ƙwanni take bi. Ya rera da Tamashek, amma sutudiyon na masu waƙoƙin finafinan Hausa ne, don haka aka sa wa muryarsa na'urar lanƙwasa murya, aka ɗora ta a kan bugun fiyano. Shi kansa wannan salo na finafinai gauraye ne, domin kamar yadda Brian Larkin (1997) da Abdalla Uba Adamu suka nuna, ya sha daga finafinan Indiya. Ke nan a faifai ɗaya an sami jitar hamada, da sutudiyon Hausa, da inuwar Bombay. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya ta katin ajiya, ɗaya daga ciki ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, daga nan duniya ta san shi. Faifansa na baya, kamar Afrique Victime (2021), sun koma ga jitar rok mai ƙarfi da dogon ƙire, kuma su masu sharhin waje suka fi yabo. Mu kuwa muna ganin Anar ya fi muhimmanci ga nazarinmu, saboda gauraya ce da aka yi domin kunnen gida, babu wani mai shiryawa daga Turai da ya tsara ta. Tana nuna cewa Hausa ma tana iya zama ɓangaren da ake ara daga gare shi a matsayin zamani.

Ba za mu rufe wannan sashe ba sai mun ambaci Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi, sannan a 2002 ya tafi tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da ke gab da ɓacewa. A faifansa na 2009 ya haɗa biram da gangunan Umaru Adamu. Duk inda ya je yakan faɗi sunan malaminsa. A ma'auni na uku shi ne abin koyi.

7.0 Bashin da Ba a Biya ba

Domin a ga muhimmancin ambato, sai mu dubi akasinsa. Faifan Herbie Hancock mai suna Head Hunters (1973) yana cikin mafi shahara a kiɗan gauraya. Kiɗan Watermelon Man da ke cikinsa ya buɗe da wata busa da Bill Summers ya yi da kwalba, yana kwaikwayon salon hindewhu na mutanen Ba-Benzele na Afirka ta Tsakiya, wanda aka san shi ta faifan bincike na Simha Arom na 1966. Steven Feld (1996) ya bi sawun wannan sauti ya nuna yadda ya yi ta yawo daga faifai zuwa faifai yana tara kuɗi, masu shi kuwa ba su sani ba. Kiɗan yana da daɗi, ba mu musa ba, amma daɗi bai biya bashi ba.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin faifan bincike shi ne ƙofar da sautin ya fita ta cikinta, kuma mu ne masu yin irin wannan ɗauka. Tun a shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki makaɗan Nijar domin kamfanin Ocora. Daga baya ɗalibai da malamai sun ɗauki kaset masu yawa a garuruwa da ƙauyuka, wasu suna ajiye a IRSH da CELHTO da gidan rediyon ƙasa, wasu a akwatunan gidaje. Sau da yawa akan rubuta sunan jagora a bar mai goge da masu ƙwarya, ko a rubuta sunan gari kawai. Ranar da wani zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan sautuka ya gina faifai a kansa, rashin sunan zai zama laifinmu kafin ya zama nasa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa kyawun gauraya bai danganta da yawan kayan kiɗan da aka tara ba, bai kuma danganta da asalin wanda ya yi ta ba. Lateef ya yi nasara saboda ya saurara, Weston saboda ya girmama mai rauji, Mamman Barka saboda ya ambaci malaminsa, Anar kuma saboda an yi shi domin mutanen da suka san harsunan kiɗan da aka haɗa. Inda aka sami rauni, ko dai na'ura ce ta maye gurbin amshi, ko kasuwa ce ta goge kaifin kayan gida, ko kuma an ɗauka ba a faɗa ba.

Muna ba da shawara uku ga sashe. Na ɗaya, a sa sauraro cikin darasin waƙar baka, a riƙa jera gogen bori na Adar da faifan Weston, algaitar fada da busar Lateef, a nemi ɗalibi ya bayyana abin da ya ji da kalmomin Hausa. Na biyu, duk wanda zai yi ɗauka a Ƙwanni ko Malbaza ko Illela ya rubuta sunan kowane makaɗi, da wanda ya koya masa, da mai taken da aka kaɗa, da yardarsu a kan abin da za a yi da ɗaukar. Na uku, a tattara abin da ya rage na kaset da katunan waya a hannun masu sayar da waƙoƙi na tashoshin mota da kasuwannin yankin, a juye shi, domin nan ne tarihin gaurayarmu ta shekaru hamsin da suka wuce yake, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura. Ma'aunin da muka kawo na gwaji ne, muna kuma sa ran abokan aiki, musamman masana kimiyyar kiɗa, za su gwada shi a kan wasu ayyukan su faɗi inda ya gaza.